Daga Yamai zuwa kurmin Gana: yadda ake shirya tafiyar kallon tsuntsaye da ziyarar ƙauyukan daji

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu sha'awar tsuntsaye a Yamai da Tawa: mutum ya ga na bakin kogin Isa, ya ga na tafkin Tabalak, yanzu yana son na kurmi, ta ina zai faro, kuma nawa zai kashe? Amsarmu ita ce kudancin Gana. Can ne kurmi na gaske mai hanyar mota da jagorori ƙwararru, kuma kusan kowane babban gari yana da zango inda Hausa za ta fitar da kai.

Ka riƙe abu guda tun yanzu. Idon ɗan Sahel ya saba da fili, yana hango shamuwa kan gawo daga nesa. A kurmi ganye ya rufe sama, ƙasa duhu ce ko da tsakar rana, kuma mafi yawan tsuntsaye sai dai ka ji su. Kunne da ɗan gari su ne jarinka. Duk shirin da ke ƙasa a kan wannan aka gina shi.

1. Madubi da horo tun daga gida

Madubin hangen nesa, wanda aka fi sani da jumel, shi ne kayan aiki na farko. Nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa. Lamba ta farko ita ce yawan kusantowa, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Idan ka raba 42 da 8 za ka samu kusan milimita 5, faɗin hasken da ke shiga idonka ke nan. Ƙaramin nan 10x25 da ake sayarwa a kasuwa milimita 2 da rabi kawai yake bayarwa: a fadamar Saga da hantsi ba laifi, a ƙarƙashin itatuwan kurmi kuwa inuwa kawai za ka gani. Ya zama wanda ruwa ba ya shiga, kuma yana iya daidaita abu mai nisan mita 2 ko 3. Mai kyau daidai gwargwado yana farawa daga wajen jika 65 zuwa jika 130 na sefa.

Daidaita shi da idonka sau ɗaya. Rufe gilashin dama da tafin hannu, juya ƙugiyar tsakiya har rubutun wani allo ya fito sarai a idon hagu. Sannan rufe na hagu, ka juya zoben da ke jikin idon dama kaɗai har shi ma ya fito. Daga nan ƙugiyar tsakiya kawai za ka riƙa taɓawa.

Sai horo, aƙalla wata guda. Kuskuren kowane sabon hannu shi ne ya ga tsuntsu, ya sunkuya ya dubi madubi, ya ɗaga, ya shiga lalube. Kafe ido a kan tsuntsun, ka kawo madubin gaban idon ba tare da ka kau da kai ba. Yi ta gwadawa da kurciya cikin dogon yaro mai duhun ganye, ba da balbela a fili ba. A kurmi daƙiƙa biyu ko uku tsuntsu zai ba ka.

Littafi kuwa, na Nik Borrow da Ron Demey kan tsuntsayen Afirka ta Yamma shi ne abin dogaro, kuma akwai shi da Faransanci. Sai dai jagororin Gana da Ingilishi suke kiran sunaye, don haka ka saba da sunan kimiyya na Latin, shi ne ya haɗa ku. Sauke manhajar Merlin da kundin Gana a wayarka tun kana da intanet, ka riƙa sauraron kukan tsuntsaye ashirin ko talatin da aka fi ji, kamar yadda ake tilawa.

Hattara: a Yamai kada ka ɗaga madubi ko kyamara kusa da gada, barikin soja, filin jirgi ko ginin hukuma. Bayanin cewa tsuntsu kake kallo ba zai shiga kunnen kowa ba a wannan lokaci.

2. Lokacin tafiya

Kudancin Gana damina biyu gare shi: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama a Satumba da Oktoba. Ka tafi tsakanin Nuwamba da Maris. Ƙarshen Nuwamba da farkon Disamba sun fi daɗi, hanya ta fara bushewa, daji na nan kore, hazo bai sauko ba. A Janairu hazon hunturu kan kai har bakin teku, ya dusashe launin tsuntsun da ke nesa.

Duba kalandar azumi kafin ka yanki biye. A ƴan shekarun nan watan yana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Maris, kuma tafiyar kurmi aikin zufa ce daga asuba.

3. Takardu da lafiya

Fasfo mai sauran wata 6 aƙalla. Tun ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairun 2025 ƙa'idojin shiga na iya sauyawa, saboda haka ka tambayi ofishin jakadancin Gana ana saura mako biyu ko uku, kada ka dogara da labarin wanda ya je bara.

Karnen rigakafin shawara, mai launin rawaya, dole ne. Allurar tana fara aiki a takarda bayan kwana 10, kuma tun 2016 hukumar lafiya ta duniya ta ce guda ɗaya ta isa har ƙarshen rai.

Zazzaɓin cizon sauro a wajenmu da damina yake tsananta, a kurmi kuwa shekara zagaye. Kada ka ce ai ka saba. Ga likita ya rubuta maka maganin kariya, ka tafi da gidan sauro, da man korar sauro mai sinadarin DEET kashi 30 zuwa 50, da abin gwajin gaggawa, da maganin zazzaɓi cikakken zubi ɗaya. Ƙara da gishirin zawo, filasta, da maganin ƙaiƙayi.

4. Hanya da kuɗi

Hanyar ƙasa ta Torodi, Fada da Wagadugu zuwa Paga, wadda ƴan kasuwa suka sani, ba ta da aminci yanzu, kuma ba ma ba kowa shawarar ya bi ta don yawon buɗe ido. Jirgi daga filin Diori Hamani zuwa Akra, da sauyi a Lome ko Abijan, shi ne daidai. Zuwa da dawowa da wuya ya gaza jika 300. Mutumin Tawa ya ƙara kwana guda na hanya, wajen kilomita 550, ya kwana Yamai.

Tsarin kwana 11 da ke aiki: kwana ɗaya a Akra, uku a gefen gandun dajin Kakum, uku a gandun dajin Ankasa, yini guda a garin Nzulezo a kwana Cape Coast, ƙauyen Bonkro da yamma a wuce Kumashi, safiya a dajin Bobiri kusa da Kubease, wanda ya yi suna da malam buɗe littafi, sai komawa Akra. Wanda ke da kwana 6 ya bar Ankasa, ya haɗa Kakum da Bonkro. Ya fi ka zauna wuri biyu da kyau da ka share rabin tafiyar a cikin mota.

Bayan jirgi, abin da ya fi cin kuɗi shi ne mota da direba da mai, sai jagora, sai masauki, sai kuɗin shiga. Kamfanonin Turai kan karɓi miliyan 2 zuwa 3 na sefa ko fiye a kan mutum guda don mako biyu. Ba sai ka bi ta nan ba. Ku haɗu mutum huɗu: kuɗin mota da na jagora na yini ne, ba na kai ba, sai ya rabu huɗu. Fiye da shida kuwa a siririyar hanyar kurmi na gaba ne ke gani, na baya sai labari. Tsakanin manyan garuruwa motocin STC da VIP sun wadatar, amma zuwa bakin daji da asuba ba motar haya, sai taka.

Sefa ba ta sayen komai a ƙauye, sai sidi, kuɗin Gana. Canja kaɗan a filin jirgi, sauran a ofishin canji mai lasisi a cikin gari, kuma ka nemi ƙananan takardu da yawa. Darajar sidi tana hawa da sauka, shi ya sa farashin bara ba ya aiki bana. Ka nemi kowane farashi a rubuce ta WhatsApp kafin ka taso. A wuraren hukuma kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa, ka karɓi rasit. Ware kashi ɗaya cikin goma na guzurinka don abin da ba a zata ba, kamar faci ko ƙarin kwana.

Agogon Gana yana bayan namu da awa guda. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Ingila, cajar da ka taso da ita ba za ta shiga ba sai da mahaɗi.

5. Ɗaukar jagora

Nan ne ba a rowa. Mutum iri biyu za ka yi hulɗa da su. Akwai ma'aikacin gandun daji, wanda doka ta ce sai da shi ake shiga. Ya san hanya da sawun giwa, amma ba lalle ya san tsuntsaye ba. Akwai kuma jagoran tsuntsaye, wanda kai ka ɗauko. Kada ka biya na farko kana zaton ka samu na biyu.

Kafin ku ƙulla, tambaye shi abu huɗu. Yana gane tsuntsaye da kuka? Yana da babban madubi mai ƙafa uku, ko sai ka kawo? Shi zai shirya izinin shiga Kakum da asuba? Kuɗinsa ya haɗa da abincinsa da makwancinsa, ko suna kanka? Wannan na ƙarshe shi ke jawo gardama a kwana na uku. Ba da rabi a farko, cikon a ƙarshe. Idan Ingilishinka bai nuna ba, nemi direba ɗan zango, ya zama tafinta.

6. Kayan jiki

Doguwar riga da wando masu sauƙin bushewa, kore mai duhu ko ruwan ƙasa, kala uku. Farar shadda da jan rawani su zauna a jaka sai ranar gaishe da sarki. Auduga mai kauri idan ta jiƙe ba ta bushewa, kwana biyu sai wari. Takalmin roba mai dogon wuya irin na manoman shinkafa ya fi komai a Ankasa, a saya a can. Safa doguwa, ƙaramar lema, fitilar goshi, batirin ajiyar caji, littafin rubutu da fensir, domin biro ba ya kama takarda mai danshi.

Hattara: tufa mai zanen kakin soja haramun ce ga farar hula a Gana. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuma sai da izinin hukumar jiragen sama.

A nan gida ƙura ce abokiyar gabar madubi, can kuwa raɓa ce. Kowane dare sa madubi da kyamara a leda mai zif tare da ƴan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani. Idan ɗakinka na da na'urar sanyi, gilashin zai yi gumi da zarar ka fita. Fitar da jakar a rufe minti 20 kafin ka buɗe.

7. Gadar sama ta Kakum

Kakum na nan kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast. Abin da ya fitar da sunansa shi ne gadar igiya da aka buɗe a 1995: gadoji 7 tsakanin manyan itatuwa, tsawonsu gaba ɗaya wajen mita 350, a sama da ƙasa mita 30 zuwa 40. Daga nan ne kake daidai da rassan da tsuntsayen sama ke kiwo, waɗanda daga ƙasa sai ciwon wuya.

Kwana kusa da ƙofa. Yi sallar asuba, ka kasance bakin ƙofa da 5 da rabi, domin gari na wayewa wajen 6 duk shekara, kuma akwai hawan tudu na minti 15 zuwa 20 kafin gadar. Shiga a wannan lokaci sai da shiri tun jiya da ƙarin kuɗi. Wanda ya jira buɗewar kowa da kowa zai haɗu da ayarin ƴan makaranta suna ihu suna girgiza igiya, musamman Asabar da ranakun hutu.

A kan gadar kanta ba a kallo, tana lilo. Rataya madubi a wuya, riƙe igiya da hannu biyu, ka je dandalin katako da ke kewaye da itace, can za ka tsaya. Zaɓi dandali ɗaya ko biyu ka zauna awa guda a kowanne, rana a bayanka. Nemi itace mai ƴaƴa, musamman dangin ɓaure, ka sa masa ido. Tsuntsaye za su zo da kansu.

Abin da za ka fara ji shi ne fukafukan manyan cilakowan kurmi, masu ƙahon baki baƙi ko rawaya, ƙararsu kamar ana bakace da babban faifai. Girmansu tsakanin cilakowarmu da burtu. Akwai dangin kulkulu kore mai jan fiffike, da babbansu shuɗi mai tukku wanda ya haura santimita 70. Aku kuwa, mai toka da jar wutsiya, idan ka ga biyu sun gifta ka gode wa Allah: binciken da aka buga a 2016 ya nuna Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunta tun 1992, saboda kamawa don sayarwa da sare manyan itatuwan da suke sheƙa a ciki.

Da hantsi ƙananan ƙudan zuma marasa harbi za su taru a idonka suna shan gumi. Ba sa cutarwa, shafe su a hankali. Ƙarfe 10 daji ya yi tsit, a sauko a huta sai 3 da rabi.

8. Tafiya a ƙasan kurmi

Ankasa tana kudu maso yamma, kusa da Elubo a kan iyakar Kodibuwa, faɗinta wajen murabba'in kilomita 500, kuma yankin ne ya fi ko'ina ruwan sama a Gana. Hanyar cikinta laka ce, sai mota mai jan ƙafa huɗu. Layin waya yana zuwa yana ɗaukewa, ka sanar da gida tun kafin ka shiga.

Tafiyar nan ba ta neman nisa ba ce. Kilomita ɗaya a awa guda ya isa. Taku ashirin, tsaya, saurara. Za ka yi rabin awa ba ko motsi, har ka fara zargin jagora, sai kwatsam ayari ya iso: iri goma ko goma sha biyar suna kiwo tare, minti biyar sun wuce. A wannan lokaci kada ka buɗe littafi. Kalli ɗaya, lura da baki, ido, wutsiya da tsayin reshen da yake, koma kan na gaba. Rubutu daga baya.

Ku yi yarjejeniyar nuni tun a mota. Ɗauki itace kamar fuskar agogo: «itace mai farin jiki, ƙarfe 2, cikin ganye». Miƙa hannu da sauri yana korar tsuntsu. Idan jagora na da ɗan haske kore na nuni, ƙasa da tsuntsun ake saka shi, ba a jikinsa ba. Kunna kukan tsuntsu a lasifika don a jawo shi aikin jagora ne, sau biyu ko uku a bari. Kusa da sheƙa ba a yi sam.

Akwai wasu tsuntsaye dangi guda, greenbul da Ingilishi, masu launin ganye da ƙasa, sun haura iri ashirin a Gana, kusan duk kama ɗaya. Kada su ɓata maka rai, ko ƙwararru da murya suke raba su. A ƙananan tafkunan cikin daji a zauna shiru da sassafe don agwagwar kurmi da ƴan tsuntsayen nan masu kamun kifi, shuɗi mai walƙiya.

Hattara da kwarkwasa. Cusa ƙafar wando cikin safa, kuma kafin ka tsaya kallon sama dubi inda ka taka. Idan ka ga layinsu, tsallake da sauri, ka ja baya mita 10, sannan ka tsaya: wasu tsuntsayen ƙasa masu wuyar gani suna bin rundunar don cin ƙwarin da take tayarwa. Kada ka dafa itace ba ka duba ba, wasu ƙaya, wasu tururuwa. Kada ka tsallake gungume ba ka leƙa bayansa ba, kasar kurmi launinta ɗaya da busasshen ganye. Idan ma'aikaci ya ce akwai giwa kusa, a juya, ba musu. Kuma kada ka bar hanya ko don fitsari ba ka faɗa ba, mita 20 sun isa mutum ya rasa gabas.

Sha lita 3 a yini ko ba ka jin ƙishirwa. Zafin bai kai na Tawa a watan Afrilu ba, amma gumi ba ya bushewa, jiki na zuba ba ka sani ba. Ruwan rafi ba na sha ba ne, ba na wanka ba: haƙar zinariya ta ɓata koguna irin su Pra da Ankobra, ga kuma tsargiya a ruwan kwance.

9. Shiga gari

Dajin da kake kallo yana da masu shi. Mutanen Akan, wato Asante, Fante, Assin da ƴan uwansu Nzema, suna da tsarin karɓar baƙo wanda Bahaushe zai gane da wuri, sai dai a wasu wurare ya saɓa da namu.

Jagora ya aika tun jiya cewa kuna tafe. Da isa, gidan sarki ko na dattijon gari ake fara zuwa. Gaisuwa da hannun dama, kuma daga mutumin da ke damanka ake farawa a bi zuwa hagu, ko da sarkin yana tsakiya; tsallake mutane don a fara da babba rashin ladabi ne a wurinsu. Za a ba ku wurin zama da ruwa, sannan su taso su gaishe ku, sannan a tambayi abin da ke tafe da ku, ko da sun sani. Wannan shi ake kira amanee. Faɗi a taƙaice: daga ina, don me, kwana nawa. Ba a yi wa sarki magana kai tsaye, sai ta bakin okyeame, mai sanda, kamar yadda ake bi ta hannun fadawa. Cire hula da takalmi idan ka ga ƴan gari sun cire, kada ka harɗe ƙafa. Idan akwai ohemaa, uwar sarauta, a gaishe ta da kyau. Gado a wurinsu ta ɗakin uwa yake bi, kuma da bakinta ake zaɓen sarki.

Gaisuwar al'ada kwalbar barasa ce, wadda ake zubawa ƙasa don kakanni. Musulmi ba sai ya saya ba. Gaya wa jagora tun farko, a sa kuɗi a ambulan a miƙa ta hannun okyeame. Sun daɗe da zama da mutanen zango, ba wanda zai ji haushi. In ana zuba ta, tsaya shiru har a gama.

San ranar da aka haife ka, za a tambaya. Yadda muke da Ɗanjuma da Jummai, haka suke da Kofi da Afua. Ɗan'asabe da Asabe su ne Kwame da Ama. Ɗanladi da Ladi, Kwasi da Akosua. Lami ita ce Yaa. Ka ce musu ku ma haka kuke yi, hira ta buɗe. Riƙe kalma uku: akwaaba, sannu da zuwa, maakye, ina kwana, medaase, na gode.

Daga nan kai hirar kan tsuntsaye. Zuriyoyin Akan suna da alamu: Asona hankaka, Agona aku, Oyoko, gidan sarautar Asante, shaho, Asakyiri ungulu. Tambayi tsohon maharbi sunan tsuntsu da harshensu, da abin da kukansa ke nufi, da itacen da yake ci. Sau da yawa abin da zai faɗa maka babu shi a littafi. Rubuta, ka kuma ba shi ladansa, ilimi ne ya sayar maka. A gonakin kakawo kuma ka roƙa a nuna maka itacen goro. Kakanninmu sun yi ta zarya Gwanja saboda shi, mafi yawansu a kasuwar Salaga suka tsaya, ba su ga uwarsa ba.

Hattara da ranakun hani. A ƙasar Asante ba a noma ranar Alhamis, a ƙasar Fante Juma'a, masunta kuma ba sa shiga teku ranar Talata. Wasu ƙauyuka suna hana shiga wani daji ko rafi a ranarsu. Kurmin tsafi da makabartar sarakuna ba a shiga, ko da tsuntsun da ka zo nema yana kuka a ciki. Hoto sai da izini, na mutum ɗaya-ɗaya. Ranar Asabar idan ka ga taro cikin ja da baƙi, makoki ne, ba biki ba. Kada a raba wa yara alewa ko kuɗi a hanya. Abin da ka yi niyya ka ba malamin makaranta ko kwamitin gari a gaban shaida.

10. Bonkro da Nzulezo

Bonkro ƙaramin ƙauye ne kusa da New Edubiase, a kan hanyar Cape Coast zuwa Kumashi. Ana zuwa ne don tsuntsu ɗaya, Picathartes: tsawonsa wajen santimita 40, kansa sanƙo ne rawaya da baƙaƙen tabo biyu, wuya da ciki fari, yana tsalle kamar ba ya taɓa ƙasa. Da laka yake gina sheƙa a jikin dutse mai rumfa. Daga Gini zuwa Gana kaɗai ake samunsa, kuma a Gana an yi shekaru da dama ba a gan shi ba sai a 2003. Ƴan garin ne ke gadin duwatsun, su ne kuma ke kai baƙi.

Iso da 2 na rana, ka yi azahar da la'asar ɗinka, a kama hanya. Tafiyar minti 40 zuwa awa guda ce, ƙarshenta hawa mai tsayi. Da 3 da rabi kowa ya zauna a benci, waya a kashe, ba magana, ba nuni, ba walƙiyar kyamara. Yi tari da gyaran zama tun kafin lokaci. Yakan zo tsakanin 4 da faɗuwar rana. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga madubi da sauri da ganin na farko. Bari ya sauka ya natsu, yakan matso har madubi ya zama ba shi da amfani. Da fitila za a sauko.

Nzulezo kuwa gari ne na Nzema da aka kafa bisa turaku a kan tafkin Tadane. Daga Beyin ake shiga kwalekwale, kusan awa guda. Sa rigar hana nutsewa, madubi a leda. Tafi da jirgin farko na safe, lokacin tsuntsayen fadama na kiwo. Alhamis ranar tafkin ce a al'adarsu, a tambaya kafin a sa ta a tsari. Titin garin katako ɗaya ne, kuma tsakar gidan mutane ne: yi sallama, kada ka leƙa ɗaki. Su da kansu suna cewa kakanninsu daga Walata suka taso, can bakin hamada, dodon koɗi na yi musu jagora. Ka ce musu daga Sahel kake, ka ji yadda za su ba da labarin.

11. Ci da ibada

A gari nemi zango: waakye, wato shinkafa da wake, koko da ƙosai, da tuwon zafi duk suna nan. A ƙauye tambayi abin da ke cikin miya kafin a zuba, domin naman daji, dodon koɗi, ƙaguwa da alade duk suna shiga tukunya. Mafi sauƙi ka ce kifi. Ƙunshi kilishi, dabino, ƙuli-ƙuli da garin rogo don kwanakin Ankasa. Tabarmar salla ta leda ta fi darduma, ƙasa a jiƙe take. Alƙibla daga can gabas ce da ɗan karkata arewa. Duba ta a waya tun kana da layi.

12. Komawa

Kada ka sayi aku, gashinsa, ƙwai, fata ko naman daji, komai arha. Tun 2017 cinikin akun daji tsakanin ƙasashe haramun ne a yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji, kuma kwastan na kamawa.

Cika kuɗin jagora da direba, da tukuicin ma'aikatan gandu, kafin ranar ƙarshe ta ruɗe da sauri. A daren ƙarshe ku zauna da jagora ku bi jerin abin da aka gani, ka raba wanda ka gani da idonka da wanda ka ji kawai, sannan ka shigar a eBird, manhajar ajiye jerin tsuntsayen da aka gani, wuri-wuri da kwanan wata. A gida fitar da madubi da kyamara daga leda su sha iska a inuwa kwana biyu, duba jiki ko kaska ta maƙale a ƙugu ko bayan gwiwa, kuma ƙarasa maganin kariya har adadin kwanakin da likita ya rubuta. Duk zazzaɓin da ya taso cikin wata guda, a je gwaji ran nan, a gaya wa likita daga kurmi ake.